Ma'aunin tasiri da jerin matsayin mujallun injiniyanci: yadda ake lissafinsu da iyakarsu

1. Gabatarwa

Malamin jami'a da ke haɗa takardunsa domin neman ƙarin matsayi a gaban kwamitocin CAMES, da ɗalibin digiri na uku da aka shardanta wa buga maƙala kafin ya kare kundinsa, tambaya guda suke fara yi: wace mujalla za a aika wa aikin? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a dubi ma'aunin tasirin mujallar, wanda da Faransanci ake kira facteur d'impact, da kuma rukunin da take ciki, daga Q1 zuwa Q4. A cikin wannan takarda za mu bayyana yadda ake samo waɗannan alƙaluma, mu ɗauki mujallun injiniyanci misali, sa'an nan mu nuna inda za a iya dogara da su da inda ba za a iya ba. Da kalmar ambato muna nufin duk lokacin da marubuci ya sanya wata maƙala cikin jerin manazartarsa.

2. Asalin ma'aunin

A shekarar 1955 wani masani ɗan Amurka, Eugene Garfield, ya ba da shawara cikin mujallar Science cewa a riƙa tattara ambato domin mai bincike ya iya gano duk wanda ya yi amfani da wani aiki bayan fitowarsa. Ya kafa cibiyar ISI a Filadelfiya a 1960, kundin Science Citation Index ya fito a 1964, rahoton shekara-shekara mai suna Journal Citation Reports kuwa ya fara a 1975. Garfield da abokin aikinsa Irving Sher sun ƙirƙiro ma'aunin ne domin zaɓen mujallun da za su shiga kundin, daga baya masu kula da ɗakunan karatu suka riƙa amfani da shi wajen yanke shawarar mujallar da za su biya wa kuɗin shekara. Ke nan tun asali mujalla ake aunawa, ba a yi shi domin auna malami ko maƙala guda ba. Kamfanin Thomson ya sayi ISI a 1992, tun 2016 kuma kamfanin Clarivate ke riƙe da wannan aiki, a cikin rumbun bayanai na Web of Science.

3. Yadda ake lissafi

Ma'aunin tasiri rabawa ce kawai. A ce wata mujalla ta fasahar makamashi ta buga maƙala 140 a 2022, ta buga 160 a 2023, wato 300 ke nan. A ce kuma cikin shekarar 2024 an ambaci waɗannan ayyuka sau 900. Idan aka raba 900 da 300 za a sami 3,0. Wannan shi ne ma'aunin tasirinta na 2024, wanda ake bayyanawa a tsakiyar 2025.

Abubuwa uku ya kamata a lura da su. Na farko, shekaru biyu kaɗai ake dubawa. Maƙalar 2019 da aka ambata sau ɗari a 2024 ba ta ƙara komai. Na biyu, adadin sama ya haɗa duk ambaton da aka yi wa mujallar, alhali kuwa adadin ƙasa maƙalun bincike da na bita kaɗai yake ƙirgawa, ban da sharhin edita da wasiƙu. Na uku, ambaton da ake ƙirgawa shi ne wanda ya fito daga ayyukan da ke cikin rumbun. Kundin digiri da aka kare a Yamai ko Maraɗi, ko sau nawa ya ambaci mujallar, bai shiga lissafi ba.

4. Sauran ma'aunai da rukunin Q1 zuwa Q4

Kamfanin Elsevier ya buɗe nasa rumbun, Scopus, a 2004, kuma daga gare shi ake samo ma'aunai uku. CiteScore, wanda ya fito a 2016, yana duba shekaru huɗu tun gyaran da aka yi masa a 2020. SJR, na ƙungiyar SCImago ta ƙasar Sifen, yana duba shekaru uku, kuma yana ba ambaton da ya fito daga babbar mujalla nauyi fiye da na ƙarama. SNIP, wanda Henk Moed ya tsara a Jami'ar Leiden a 2010, yana la'akari da yawan ambaton da aka saba yi a kowane fanni. Saboda haka mujalla kamar Solar Energy, wadda ke fitowa tun 1957, tana da alƙaluma daban-daban a shekara guda, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin rumbu da adadin shekaru ne suka bambanta.

Rukunin Q kuwa jeri ne. Ana jera mujallun fanni guda daga mai babban ma'auni zuwa mai ƙarami, a raba su gida huɗu: kashi 25 cikin 100 na sama su ne Q1, na ƙasa su ne Q4. Mujalla guda tana iya shiga fanni biyu ko uku, ta zama Q1 a fannin gine-gine, ta zama Q2 a fannin kimiyyar kayan aiki. Don haka faɗin cewa mujalla Q1 ce bai cika ba sai an ambaci fanni, da rumbu, da shekara.

5. Abin da alƙaluman ba su gani

Ma'aunin tasiri matsakaici ne, ambato kuwa ba ya rabuwa daidai tsakanin maƙalu. Per Seglen, masani ɗan Norwe, ya nuna a 1997 cewa a mujallun da ya bincika kashi 15 cikin 100 na maƙalu ne ke kwashe rabin ambaton. Misalin da ya fi shahara shi ne na mujallar Acta Crystallographica A: ma'auninta ya tashi daga kimanin 2 a 2008 zuwa kusan 50 a 2009, saboda maƙala guda ta George Sheldrick kan manhajar SHELX. Sauran maƙalun mujallar ba su canza ba. Wato wanda ya buga aikinsa a mujalla mai 3,0 ba shi da tabbacin ambato uku. Yana iya samun talatin, yana iya rasa ko ɗaya.

A fannin injiniyanci akwai ƙarin matsaloli. Gwajin ƙarfin kankare, ko na tubalin ƙasa, ko na injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, yana ɗaukar lokaci, kuma wanda zai gina nasa aikin a kai sau da yawa ba ya bugawa sai bayan shekaru biyun nan sun wuce. Ban da haka, a fannin lantarki da kwamfuta wani babban kaso na sabon bincike yana fitowa ne a kundayen taruka, kamar na ƙungiyar IEEE, waɗanda ba su da ma'aunin tasiri irin na mujalla. Abu mafi muhimmanci kuma, yawancin masu karanta aikin injiniya ba marubuta ba ne. Injiniyan da ya ɗauki sakamakon wata maƙala ya gyara hanyar jan ƙasa, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ya yi amfani da ita sosai, amma bai bar ambato ba. Ayyukan da Abdou Moumouni ya jagoranta a ONERSOL ta Yamai, kamar na'urorin dumama ruwa da zafin rana, irin wannan amfani ne manufarsu. Saboda waɗannan dalilai bai halatta a kwatanta ma'aunin mujallar gine-gine da na mujallar likitanci ba.

Sai batun harshe da yanki. Mafi yawan mujallun da ke cikin rumbunan biyu na Ingilishi ne, kuma da dama daga mujallun Afirka, har da na Faransanci, ba sa ciki. Wasu ana samunsu a dandalin AJOL, wanda aka kafa a 1998. Rashin ma'auni ga irin wannan mujalla yana nufin ba a ƙirga ta ba. Ingancinta sai an karanta ake sani.

A ƙarshe akwai maguɗi. Wasu editoci suna matsa wa marubuta su ambaci mujallarsu, wasu mujallun kuma suna haɗa baki su riƙa ambaton juna, shi ya sa Clarivate kan hana wasu ma'auni a rahotonta na shekara. Akwai kuma mujallun neman kuɗi da ke liƙa alƙaluman bogi a shafinsu na intanet. Ɗalibin da ya biya su ya yi asarar kuɗi da ta aiki, domin maƙalar da ta riga ta fito ba ta sake buguwa a wani wuri.

6. Kammalawa

Sanarwar San Faransisko ta 2012, wadda aka fi sani da DORA, da ƙa'idojin Leiden guda 10 na 2015, duk sun yi kira da kada a mai da ma'aunin mujalla madadin karanta aikin mai bincike. Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara huɗu. Kafin a aika maƙala, a tabbatar da alƙaluman mujallar a Journal Citation Reports ko Scopus ko SCImago, kada a tsaya ga abin da ta faɗa game da kanta. A kwatanta ta da takwarorinta na fanni guda a shekara guda. A duba ko injiniyoyin da aikin ya shafa suna karanta ta, kuma suna iya samunta. Idan kuwa malami ake aunawa, kwamiti ya ɗauki maƙalu biyu ko uku da shi mai takarar ya zaɓa, ya karanta su, ya kuma nemi shaidar amfanin da aka yi da su a fagen aiki, kamar takardar shaidar ƙirƙira, ko rahoton gwaji, ko ɗaliban da aka horar a kansu.