Tsakanin Alƙahira da Kano: Nisa da Lokacin Tafiya

Ardul Liwa unguwa ce mai cunkoson jama'a a yankin Giza, yamma da Kogin Nilu, inda baƙi daga ƙasashen Afirka da dama suke zaune tare da Misirawa. Bakanon da ya sauka a wannan unguwa, idan ya tashi komawa gida, tilas ya ƙetare kogi ya ratsa birnin Alƙahira, domin filin jirgin sama yana can arewa maso gabas. Daga nan ne doguwar tafiya take somawa.

Tsakanin filin jirgin Alƙahira da na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 3,100, idan aka auna miƙaƙƙiyar hanya. Wannan hanya ta ratsa hamadar yammacin Masar, da kudancin Libiya, da arewacin Chadi, da gabashin Nijar. Jirgin fasinja na zamani yakan ci kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. Saboda haka, in an haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiya kai tsaye takan ɗauki awa huɗu zuwa biyar.

Nisa ba ya canzawa, amma lokacin tafiya yakan canza. Dalili na farko shi ne iska. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman lokacin hunturu. Takan rage wa mai zuwa Kano sauri, ta ƙara wa mai zuwa Alƙahira. Dalili na biyu kuwa shi ne rashin zaman lafiya. Ƙasa takan rufe sararin samaniyarta, kamar yadda aka yi a Sudan da Nijar a 2023, sai jirage su yi zagaye.

Akwai kuma bambancin agogo, wanda ya fi rikita matafiya. Agogon Masar yana gaban na Nijeriya da awa ɗaya, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba yakan zama awa biyu, bisa tsarin da Masar ta dawo da shi a 2023. Misali, jirgin da ya bar Alƙahira da ƙarfe 10 na safe a watan Janairu, ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka da ƙarfe 1:30 na rana agogon Kano. A watan Yuli kuwa, 12:30 zai sauka. Wanda bai lura da wannan ba, sai ya bar 'yan uwansa suna ta jira, ko kuwa ya iso ba mai taryarsa.

Wannan hanya tana da tarihi. Jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya daga Masar suka taso. Su uku ne, na sojan Ingila. Sun bar Hilwan, kudu da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka bi ta Hartum, da Fashir, da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suna sauka suna shan mai. Sun iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Tafiyar da ta ci musu kusan mako guda, yau mutum yakan karya kumallo a Ardul Liwa, ya yi sallar La'asar a Fagge.