Yadda Ake Sarrafa Naman Gwaji a Ɗakin Binciken Asibiti

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan aka yi wa majinyaci tiyata aka cire masa wani ƙari ko kumburi, likita yakan ce da 'yan'uwansa su dawo bayan mako ɗaya ko biyu domin karɓar sakamakon gwaji. Galibin mutane sukan ɗauka cewa jinkirin nawa ce irin ta ma'aikata, alhali kuwa akwai aiki mai matakai da yawa da ake yi wa ɗan naman da aka cire kafin a iya duba shi a madubin likita. Wannan maƙala za ta bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, tare da kayan aikin da ake amfani da su da kuma dalilin kowane mataki.

Fannin da ke kula da wannan aiki shi ne histoloji. Kalmar ta samo asali daga Girkanci, inda tushenta yake nufin saƙa. Ke nan idan aka kira fannin da sunan ilmin saƙar jiki ba a kauce ba, domin ƙwayoyin halitta ne suke haɗuwa su yi fata da tsoka da hanta kamar yadda zare yake haɗuwa ya yi ƙyalle. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ne ya kafa hujja a 1858 cewa cuta tana farawa ne daga canjin da ke samun waɗannan ƙwayoyi. Tun daga lokacin, duba ƙwayoyin ya zama hanyar da ake tabbatar da ciwon daji da wasu cututtuka masu yawa.

2.0 Matsalar da Ake Son Warwarewa

Madubin likita da haske yake aiki. Dole ne hasken ya ratsa abin da ake dubawa kafin ya iso ido. Saboda haka sai an yanka nama ya yi sirantar da ba ta wuce maikiromita 3 zuwa 5 ba, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum ya ninka wannan kauri fiye da sau goma. To, ɗanyen nama yana da taushi, ba ya tsayawa a yi masa irin wannan yanka, ga shi kuma yana fara ruɓewa da zarar an raba shi da jiki, sa'an nan ba shi da launin da zai bambanta sassansa. Duk aikin ɗakin binciken ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa uku: a hana naman ruɓewa, a ƙarfafa shi ya yanku, a rina shi ya ganu.

3.0 Hana Ruɓewa

Majemi ya san cewa fatar da ba a gaggauta shanya ta ko sa mata gishiri ba, babu bagaruwar da za ta gyara ta daga baya. Haka abin yake a nan. Da zarar jini ya daina isa ga nama, sinadaran da ke cikin ƙwayoyinsa sukan fara narkar da su, ƙwayoyin cuta kuma su taya su. Zafi yana ƙara wa wannan ɓarna sauri.

Maganin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Wani likita a birnin Farankfot na Jamus, Ferdinand Blum, shi ne ya gano amfaninsa a 1893, bayan ya lura cewa fatar yatsunsa ta yi tauri saboda taɓa maganin. Abin da fomalin yake yi shi ne ɗaure sinadaran furotin na jikin naman da junansu, har kowane abu ya tsaya a inda yake lokacin da ake da rai.

Akwai ƙa'idoji da ake kiyayewa. Na farko, maganin ya ninka girman naman aƙalla sau goma. Na biyu, kwalbar ta zama mai faɗin baki, domin naman da ya shiga da taushi da tauri zai fito. Na uku, tun da fomalin a hankali yake ratsawa, kimanin milimita ɗaya a awa, babban ƙari sai an tsattsaga shi domin maganin ya kai ga tsakiyarsa, in ba haka ba bayansa zai tsira cikinsa ya ruɓe. A gwajin sankarar mama, ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a sa naman a fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, ya kuma zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Dalili shi ne daga wannan naman ne ake gane irin maganin da zai yi wa majinyaciyar aiki, kuma idan an saɓa wa ƙa'idar, gwajin yana iya nuna babu alhali akwai.

Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci a ƙasar Hausa, inda akan ɗauko naman gwaji daga ƙananan asibitoci a kai shi manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato, wani lokaci a hannun ɗan'uwan majinyaci, cikin zafin bazara. Idan aka zuba naman a ruwan zalla ko ruwan gishiri maimakon fomalin, to kafin ya isa ya riga ya lalace, kuma ba a iya sake cire abin da aka riga aka cire. Tun ran gini tun ran zane.

4.0 Dubawa da Ido da Zaɓen Yanki

Idan kwalba ta iso, akan fara da rubuta ta a littafi a ba ta lamba. Wannan lamba za ta bi naman har ƙarshen aiki, domin musayar naman mutum biyu kuskure ne da ke iya sa a yi wa mai lafiya tiyata a kuma sallami mai ciwo. Daga nan likitan binciken cututtuka zai auna naman, ya rubuta launinsa da taurinsa, sa'an nan ya yanko ƙananan yankuna masu kaurin milimita 3 zuwa 4 daga wuraren da yake zargi. A ƙarin da ake zaton daji ne, akan shafa tawada a gefen da wuƙar tiyata ta bi, domin a gane daga baya ko an cire ciwon duka ko an bar saura a jiki. Kowane yanki akan sa shi a ɗan akwatin roba mai huji-huji da ake kira kaset, a rubuta lambar da fensir, domin tawadar biro tana wankewa a magungunan da ke gaba. Idan ƙashi ne, sai an jiƙa shi a ruwan asid mai sauƙi na kwanaki har sinadarin da ke sa shi tauri ya fita.

5.0 Daga Ruwa Zuwa Kaki

Abin da zai ba naman ƙarfin yankuwa shi ne kakin farafin, irin wanda ake yin kyandir da shi amma tatacce. Edwin Klebs ne ya fara bayyana amfani da shi a 1869. Sai dai akwai cikas: mafi yawan nauyin nama ruwa ne, ruwa da kaki kuwa ba sa ga maciji da juna. Saboda haka ake bin hanyar musaya mai hawa uku.

Hawa na farko shi ne cire ruwa. Akan tsoma naman a alkohol, a fara da mai ƙarfin kashi 70, a wuce zuwa 90 ko 95, a ƙare da tsantsa sau biyu ko uku. Ana yin haka sannu a hankali domin idan aka jefa shi a tsantsar alkohol kai tsaye, zai motse ya canja kama.

Hawa na biyu shi ne cire alkohol, domin shi ma ba ya haɗuwa da kaki. A nan ake buƙatar dillali, watau wani ruwa da ke shiri da ɓangarorin biyu. Wanda aka fi sani shi ne zailin. Idan ya ratsa naman, sai ya koma garai-garai har ana iya hango haske ta cikinsa. Idan kuwa zailin ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, alama ce ta cewa akwai sauran ruwa. Idan naman ya daɗe a ciki fiye da kima, zai yi tauri ya riƙa farfashewa a bakin wuƙa.

Hawa na uku shi ne tsoma shi a narkakken kaki, wanda yake narkewa a zafin da ke tsakanin digiri 56 da 58 a ma'aunin Salshiyas. Kakin zai kori zailin ya cike duk wata kafa da ruwa ya bari. Idan zafin ya wuce ƙa'ida da yawa, naman dafuwa zai yi.

A da, da hannu ake yin wannan musaya, ma'aikaci yana duba agogo yana sauya kwalabe. Yanzu injuna ne suke yi, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana da tuluna kimanin 12 da aka jera a da'ira, goma na magunguna biyu na kaki, da kwando mai ɗauke da kaset-kaset wanda injin yake ɗagawa daga wannan tulu zuwa wancan. Na biyu rufaffe ne: naman yana zaune a tukunya ɗaya, injin ne yake zuƙo magungunan yana zubawa yana kwashewa bi da bi, yana kuma zuƙe iska domin su ratsa da sauri. Wannan ya fi kare ma'aikata daga shaƙar tururi. Akasari akan kunna injin da yamma ya kwana yana aiki, a sauke da safe. Akwai kuma injunan da ke ɗumama magungunan da irin zafin maikirowef, waɗanda ke gama ƙananan yankuna cikin 'yan awoyi. Ɗaukewar wutar lantarki babbar barazana ce a wannan mataki, domin kaki zai daskare, kwando kuma yana iya tsayawa a sama naman ya bushe.

6.0 Zubi da Yanka

Da safe akan fitar da naman a sa shi a ƙaramin mazubi na ƙarfe, a zuba masa narkakken kaki, a ɗora kaset ɗinsa mai lamba a sama, a ajiye a kan faranti mai sanyi ya daskare ya zama dunƙule. Abin lura a nan shi ne yadda aka kwantar da naman. Fata, alal misali, sai an tsayar da ita a gefenta domin yanka ɗaya ya nuna dukkan hawa-hawanta daga sama zuwa ƙasa. Abu mai rami kamar jijiya akan tsayar da shi domin ya fito kamar zobe.

Injin yanka sunansa maikirotom. Irin wanda aka fi amfani da shi yana da hannu da ake juyawa, kowane juyi yana sauko da dunƙulen a kan wuƙa sa'an nan ya matso da shi gaba da daidai kaurin da aka saita. Yankunan sukan manne da juna su fito a jere kamar zare. Ma'aikaci zai ɗauke su da ɗan buroshi ya shimfiɗa a kan ruwan ɗumi mai zafin digiri 40 zuwa 45 domin tattarar da suka yi ta miƙe, sa'an nan ya zura ɗan gilashi ta ƙarƙashi ya kwaso su, a busar. Wannan aiki na gwanin hannu ne. Wuƙar da ta yi tsaguwa takan bar layi a jikin yankin, dunƙulen da bai yi sanyi ba kuwa yakan tattare.

7.0 Rini

Magungunan rini a ruwa suke narke, saboda haka sai an sake komawa baya: a cire kaki da zailin, a bi alkohol daga mai ƙarfi zuwa mara ƙarfi, har a dawo ruwa. Launi biyu ne ginshiƙin aikin. Na farko shi ne himatoksilin, wanda ake samu daga ƙiren wata bishiya ta ƙasar Meksiko da Amurka ta Tsakiya. Marinan Turai sun daɗe suna rina tufafi da shi kafin likitoci su ɗauke shi. Ba ya kamawa shi kaɗai sai an haɗa shi da alif, yana kuma rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi. Na biyu shi ne iyosin, mai rina sauran jikin ƙwayar ja-ja. Bayan rini akan sake cire ruwa, a ɗiga ɗanko mai haske, a rufe da siririn gilashi.

Da waɗannan launuka biyu likita yake ganin ko cibiyoyin ƙwayoyin sun yi girma da duhu fiye da kima, ko sun bar tsarinsu sun kutsa inda ba nasu ba, waɗanda alamu ne na ciwon daji. Da su ne kuma ake ganin ƙwan tsutsar tsargiya a bangon mafitsara. Akwai rini na musamman domin ƙwayoyin tarin fuka da na kuturta, da kuma wanda ke neman wani furotin takamaimai, wanda Albert Coons ya aza harsashinsa a 1941.

8.0 Gwajin Gaggawa

Wani lokaci likitan tiyata yana buƙatar amsa majinyaci na kwance a kan tebur. A nan akan daskarar da ɗanyen naman a inji mai sanyin kimanin digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta maye gurbin kaki, a yanka a rina, a ba da amsa cikin kimanin minti 20. Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya bayyana wannan hanya a 1905. Hoton da take bayarwa bai kai na kaki kyau ba, saboda haka akan bi ragowar naman da cikakken gwaji.

9.0 Lafiyar Ma'aikata

Fomalin yana sa hawaye da tari, kuma a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya sinadarinsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan'adam. Zailin da alkohol suna kama wuta. Don haka ɗakin yana buƙatar na'urar zuƙe iska, safar hannu, da wurin zubar da tsofaffin magunguna da ba zai gurɓata ruwan sha ba.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa akasari kwana biyu ko uku ne ƙaramin nama yake ɗauka kafin ya isa gaban likita, ƙashi da rini na musamman kuwa sukan ƙara kwanaki. Dunƙulen kakin ana iya ajiye shi shekaru masu yawa a sake yanka shi idan buƙata ta taso. Saboda haka abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, ƙarin da aka cire daga jiki ba abin yarwa ko binnewa ba ne tun kafin a gwada shi. A tabbatar an sa shi a fomalin isasshe, an rubuta sunan mai shi a jikin kwalbar, an kai shi da wuri, an kuma koma an karɓo sakamakon an kai wa likitan da ya yi aikin.