Majami'ar Ƙasa ta Wusasa: Darasi ga Masu Shirin Gini

Da an gama girbi a ƙasar Shanono, sai maganar gini ta tashi. A ƙauyuka da dama 'yan'uwa suna so su tsai da majami'a ta tunawa da dattawan da suka fara karɓar Bishara a wurinsu. Niyyar tana da kyau. Amma da an zauna shawara, abin da ake fara ji shi ne bulo da siminti da kwano, daga nan sai a sayar da hatsi, a ci bashi. Kafin mu kai ga haka, bari mu leƙa ƙasar Zazzau mu ga yadda na gabanmu suka yi.

A Wusasa, gab da birnin Zariya, akwai majami'ar St. Bartholomew wadda aka gina a 1929. Asalinta kuwa ya koma ga Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. Ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu bai yarda su zauna ba. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyarwa, yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da aka buga a 1932. Cikin masu bi na fari har da Isawa, waɗanda suka kafa ƙauyen Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka tashi. Da mishan ta fita birni ta koma Wusasa a hannun Guy Bullen, sai wannan ƙaramar jama'a ta gina ɗakin sujada. A nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa.

Abin lura shi ne, ba su kwaikwayi ginin Ingila ba. Da ƙasa suka yi, bisa tsarin maginan Zazzau, gadon Babban Gwani wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ga yadda irin wannan gini yake. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali, a shanya. Bango yakan yi kauri daga ƙasa, ya riƙa raguwa zuwa sama. Kaurin nan shi ke tare zafin rana, shi ya sa soro ke da sanyi a watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ke gasa mutum. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. Da yake azara ba ta iya tsallake ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai magina su jera ta hawa-hawa daga bangon nan da wancan, a ɗaure, a yaɓe, har su haɗu a tsakiya. Shi ne bakan gizo. Daga waje a shafe da makuba, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Kada mu ɓoye gaskiya, ginin ƙasa yana da wuyarsa. Yana son yaɓe a kai a kai, in aka yi sakaci ruwan Agusta zai kayar da shi. Giginya ta yi ƙaranci, gwanayen magina kuma suna ƙarewa ba masu gadonsu. Duk da haka majami'ar Wusasa ta kusa shekara 100 a tsaye, domin jama'arta ba su yar da ita ba.

To, ga shawararmu. A sa dutse da siminti a harsashi, inda danshi ke ci. A ɗora bangon tubali mai kauri, da aikin gayya. In kwano za a rufa, a bar baki mai tsawo ya kāre bango, a buɗe tagogi ta inda iska ke bi. A nemi tsohon magini a haɗa shi da samari su koya. A kuma shuka giginya a filin ekklisiya saboda jikoki.

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, duwatsu 12 Joshuwa ya sa aka kafa, don yara su tambaya a ba su labari. Mu ma mu rubuta sunayen dattawanmu da shekarar da suka ba da gaskiya, mu ajiye cikin majami'ar, mu karanta wa yara ran da aka taru yin yaɓe. Gara ƙaramin soro da muka gina da hannunmu, da katangar bulo da ta tsaya a lintel shekara da shekaru, rumbuna kuwa ba kome.

Allah ya ba mu hikima, amin.