Injin Wankina Lafiyarsa Ƙalau, Wutar Ce Ba Ta Da Ƙarfi

Wani yammacin Lahadi, cikin tsananin zafin bazara, injin wankin gidana ya tsaya cak ana tsakar aiki. Ruwa na cikinsa, ƙofarsa a kulle, kayan makarantar yara huɗu na jiƙe a ciki, ga gobe Litinin. Abin da kawai ya rage yana motsi shi ne wasu haruffa biyu da ke ƙiftawa a ɗan gilashin gabansa. Muka kashe muka kunna, ya ɗan taɓa aiki ya sake tsayawa. A daren nan da hannu uwargida ta ƙarasa wankin, ba ta ce da ni komai ba, amma na fahimci shirun, domin ni ne na dage aka sayi injin aka sallami mai wankin da ya shekara biyar yana zuwa mana.

Washegari na kirawo mai gyara. Ko minti goma bai yi ba ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Yallaɓai, ƙwaƙwalwar ce ta tafi." Yana nufin allon nan na lantarki da ke sarrafa injin. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da na sayi injin. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ba don ina shakkar maganarsa ba, sai don aljihu bai ba da hali ba. Ashe rashin kuɗin nan ne zai cece ni.

Uwargida ce ta fara gano bakin zaren. Ta ce ta lura da safe injin yakan yi wankinsa tsaf har ya matse, amma da zarar magariba ta kawo jiki, daidai lokacin da fanka ke juyi kamar wadda aka yi wa dole, sai haruffan su dawo. Abin da ya lalace, in ji ta, ai ba ya duba agogo. Wannan magana ta sa na nemo ɗan littafin da ya zo da injin, wanda, kamar akasarinmu, ban taɓa buɗewa ba. A shafin haruffan gargaɗi sai ga nawa, an fassara su da cewa ƙarfin wutar da ke shigowa bai kai yadda ake bukata ba. Kowane kamfani da nasa haruffan: wasu injinan Samsung kan nuna UC ko 9C idan ƙarfin wuta ya kauce wa ƙa'ida, na LG kuwa kan nuna PF idan wuta ta yanke musu ana cikin aiki. Saboda haka kada mai karatu ya dogara da abin da maƙwabcinsa ya gani a nasa injin, ya duba littafin nasa.

Na gayyato wani aminina da ke koyar da aikin lantarki, ya zo bayan sallar magariba da 'yar na'urar awon wuta a aljihu. Kafin ya taɓa komai ya yi mini karatu. Wutar gida a Nijeriya an tsara ta ne a kan bolt 230, kuma ƙa'idar da duniya ta saba da ita ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 10 cikin ɗari, wato daga 207 zuwa 253. Bolt kuwa, in ji shi, ka ɗauke shi kamar ƙarfin turin ruwa a cikin bututu. Famfo na iya kawo ruwa amma ya kasa hawa tanki.

Ya sa na'urar a soket ɗin injin, ta nuna 196. Ya ce in kunna injin a wankin ruwan zafi. Da hitar ciki ta kama, lambar ta zube zuwa 168, nan take haruffan suka bayyana. Ni da idona na ga laifin da aka ɗora wa ƙwaƙwalwa. A nan ne kuskuren masu gyara da dama yake: sukan auna soket babu kaya a kansa, ko su zo da hantsi lokacin da wuta ke da dama-dama, su ce lafiya lau. Awo na gaskiya shi ne wanda aka yi injin na jan wuta, a kuma lokacin da yake tsayawar.

Dalilin tsayawar ma abin a yaba ne. Hitar injin wanki takan ci wajen wat 2,000, kusan amfiya 9 ke nan a kan cikakkiyar wuta. Idan wuta ta yi ƙasa, ita hita jinkirin ɗumama ruwa kawai za ta yi. Moto kuwa ba haka yake ba: nauyin jiƙaƙƙun kaya bai ragu ba, don haka sai ya ƙara jan wuta domin ya cike giɓin, wayoyin cikinsa su ɗau zafi, in abin ya daɗe su ƙone. Tsofaffin injina haka suke mutuwa ba gargaɗi, haka ma firji da famfon rijiyar burtsatse. Na zamani an sa musu ma'auni da ke dakatar da su kafin a kai ga haka. Ashe ƙwaƙwalwar da aka ce ta mutu, aikinta take yi.

Daga nan aminin nawa ya bi wutar da baya da baya. A bakin mita, injin na aiki, ya samu 189. Ke nan tsakanin mita da bayan kicin bolt 21 sun salwanta a cikin gidana, kuma wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa. Injin na jone ne da wata doguwar waya ta ƙari, siririya, irin ta kasuwa mai araha, wadda ta fi dacewa da rediyo. Ya ce in taɓa filogin, na ji shi da ɗumi. Ya kwance soket ɗin bango, sai ga noti ya saki, robar gefensa ta yi baƙi. Na yi shiru ina tuna cewa ɗakin yara na manne da wannan bango.

Sauran raunin daga waje yake. Gidanmu na can ƙarshen layi, nesa da taransifoma, kuma taransifomar an kafa ta ne tun unguwar ba ta kai rabin haka ba. Yanzu ga gidajen sama, ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga famfunan burtsatse, ga mai walda a bakin titi, duk a kan siraran wayoyi. Cikin layuka uku da ke kan falwaya, ɗaya ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, alamar an jibge gidaje a kan biyu. Mun san maganin da muke yi wa wannan: kowa ya kira yaro ya mayar da shi layi mai ƙarfi, kafin mako ya zagayo shi ma ya durƙushe. Ya kuma ja mini kunne cewa duk ranar da na ga wasu ƙwayayen fitila sun yi haske fiye da kima wasu sun dushe, in kashe komai in kira gwani, domin mai yiwuwa wayar dawowa ce ta saki, kuma wannan kan ƙone kayan gida a cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke lissafin wuta a ƙasar nan. Tun da aka miƙa rarraba ta ga 'yan kasuwa a 2013, har zuwa ƙarin kuɗin da aka yi wa rukunin A a watan Afrilun 2024, rukunin da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, muhawararmu duk a kan yawan awoyi take. An kawo ko an ɗauke, shi ke nan. To amma wutar da ta kwana a gidanka tana 170, a takarda an ba ka, a aikace kuwa fitila kaɗai ta amfana. Mu da muke taƙama da boko mukan yi jayayya a kan takardar kuɗin wuta har jijiyar wuya ta tashi, alhali 'yan kaɗan ne cikinmu suka taɓa auna abin da ake sayar musu, ko suka rubuta ƙorafi da lambobi da kwanan wata.

Gyaran da muka yi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ƙwaƙwalwar ba a matakin farko. Aka ja wa injin waya mai kauri tasa ta kansa daga akwatin rarraba wuta, aka sa sabon soket, aka jefar da wayar ƙari. Daga baya na sayi sitabilaiza, amma ba irin ƙaramar ta firji ba. Aminina ya ce in ɗauki mai kVA 5, domin abin da aka rubuta a jikinta ba shi take iya ɗauka ba idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa sosai. Ƙaramin janareta kuwa ya ce kada ma in gwada. Wanki ya koma bayan sallar asuba, da ruwan sanyi, sai fa kayan da suka yi maiƙo.

Na sayi tawa na'urar awon, na kuma yi mako biyu ina rubuta abin da ta nuna safe da yamma. Takardar na hannun mai unguwa, maƙwabta goma sha ɗaya sun sa hannu a kan buƙatar a daidaita nauyin layukan. Mai gyaran nan na farko kuwa ya bugo mini waya a ƙarshen wata, ya ce ya samo ƙwaƙwalwar a Legas, in turo kuɗin mota. Na ce ya zo da magariba, akwai abin da nake so in nuna masa.