Kafin ka ɗora kaya a sitatus

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano, da wuya ka leƙa sitatus ɗin WhatsApp na abokai da dangi ba ka ci karo da tallar shayin rage tumbi, man goge baki ko sabulu ba. Da yawa daga masu ɗorawa matasa ne da matan aure da suka yi rajista da kamfanonin da ake kira netwok, irin su Longrich, Tiens, Forever Living da NeoLife. Tsarin ba ɓoyayye ba ne: ka sayi kaya ka sayar ka ci riba, idan kuma ka kawo wani ya shiga ƙarƙashinka, a riƙa ba ka kamasho daga cinikinsa.

Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne jin nauyin tunkarar mutane. A wajen taron kamfanonin sai a ce masa ya cire kunya, ya yi hoto a jikin motar da ba tasa ba, ya tura saƙo ga duk lambar da ke wayarsa. Wannan cika baki ne, kuma mutanen Kano sun iya gane shi tun daga sallama.

Je ka kasuwar waya ta Farm Centre ka tsaya ka kalli yaron shago. Ba ya in'ina, domin ya san batirin kowace waya, ya san wadda ke zafi, ya san farashinta a shagon maƙwabci. Ƙarfin gwiwarsa daga sanin haja ya fito. Kai ma ka fara daga nan. Yi amfani da kayan da kanka, karanta abin da aka rubuta a jikinsu, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ka kwatanta kuɗinsu da na makamantansu a Kasuwar Tarauni. Idan sabulunka ya ninka na kasuwa tsada, dole ka iya faɗin dalili. In ba ka da dalili, nemi wata hajar.

Sai kuma amfanar da mutane. Maimakon hoto ashirin a rana, wanda ke cinye wa jama'a data har su toshe ka, yi bayani guda mai ma'ana: yadda ake amfani da abu, wanda ya dace da shi, da wanda bai kamata ya taɓa shi ba. Nan fa a yi hattara. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa, kuma masu jinya sukan kama duk igiyar da aka miƙo musu. Kada ka kuskura ka ce wa mai ciwon suga ko hawan jini kayanka za su maye maganin likita. Algus ne, kuma rai ake magana.

Tambaya ɗaya za ta raba maka kasuwanci da damfara: daga ina kuɗin ke fitowa? Idan daga masu sayen kaya ne don buƙatarsu, to ana ciniki. Idan daga kuɗin rajistar sababbin shiga ne, ranar da aka daina shigowa za a rufe. Haka MMM ta daskarar da asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016, haka CBEX ta ruguje a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu tallata irin wannan tsari. Ko a Amurka, a 2016 hukumar kare masu saye ta sa kamfanin netwok na Herbalife ya biya dala miliyan 200 ya kuma gyara tsarin biyansa.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka ci bashi ko ka sayar da akuyar Hajiya don sayen babban ƙunshi. Fara da kaɗan, rubuta shige da fice har kuɗin data da na adaidaita, kuma kada ka gayyato kowa ƙarƙashinka sai littafinka ya nuna riba daga ciniki zalla.