Kwafar Laƙabi wajen Juya Matanin Hausa da Takardar Umarni ta XSLT

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Zengu a birnin Damagaram, inda aka soma koyarwa da Hausa tare da Faransanci. Littattafai da ƙamusoshin da irin waɗannan makarantu ke buƙata yanzu a kwamfuta ake ajiye su. Alal misali, ƙamusun Hausa da Faransanci da shirin Soutéba ya fitar a 2008 an juya shi zuwa tsarin XML a ƙarƙashin aikin DiLAF. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana abin da kan sami laƙabi a yayin irin wannan juyi.

2.0 Ƙunshi da Laƙabi

A tsarin XML kowace kalma tana zaune cikin ƙunshi, wato alamar buɗewa da ta rufewa. Laƙabi kuwa bayani ne da ake maƙalawa a jikin alamar buɗewa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya. Idan laƙabi ne ke riƙe da lafazinsu, faɗuwarsa ta mai da kalmomi biyu ɗaya. Haka kuma laƙabin xml:lang ke bambanta Hausa da Faransanci da Barbarci, abin da ke da muhimmanci a ƙasar Damagaram, wadda gidan sarautarta asalinsa Barebari ne.

3.0 Dokokin Kwafa

Tun fitowar XSLT a 1999 dokokin nan ke aiki:

(a) Umarnin xsl:copy yana ɗaukar ƙunshi kawai, ya bar laƙubansa da abin da ke cikinsa. Wanda ke kwashe komai shi ne xsl:copy-of, sai dai ba ya barin a gyara abin da ya kwasa.

(b) Ba a lissafa laƙabi cikin 'ya'yan ƙunshi. Don haka node() ba ya zaɓo shi, sai an rubuta @*|node().

(c) Idan an zaɓo laƙabi amma ba a tanadi dokar kwafarsa ba, sunansa ya faɗi, abin da ke cikinsa ya zube cikin matani.

(d) Dole laƙabi ya riga 'ya'yan ƙunshi fita. A siga ta farko na'ura na iya watsar da wanda ya makara ba tare da gargaɗi ba. Daga siga ta biyu, ta 2007, kuskure ne mai tsai da aiki.

(e) Idan laƙabi biyu suka zo da suna ɗaya, na ƙarshe ke shafe na farko.

4.0 Illa ga Aikin Yaƙi da Jahilci

Ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Umarnin da zai sauya wannan ya dogara ga xml:lang don ya taɓa Hausa kaɗai. In laƙabin ya ɓace a matakin farko, gyaran ba zai auku ba, alhali shafin ya fito tsaf a ido.

Ya kamata masu tsara littattafai su ƙirga laƙuba kafin juyi da bayansa, su kuma adana matanin asali har sai lissafin biyu ya daidaita.