Ƙasar Da Ake Auna Tumbin Jama'a

A wajenmu tumbi alamar daula ce, amma a ƙasar Japan abin kai wa likita ne.

A 2005 ƙungiyoyin likitoci takwas na ƙasar suka tsai da iyaka. Akan zagaya ciki da awo daidai cibiya. In namiji ya kai santimita 85, ko mace 90, sai a duba abu uku: hawan jini, yawan sukari, da maiƙo a jini. Wanda aka samu da biyu, to, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na haƙonsa.

Me ya sa aka ɗaga wa mata ƙafa? Kitsen da ke ɓarna shi ne wanda ya lulluɓe kayan ciki. Na mata kuwa galibi a ƙarƙashin fata yake taruwa.

Tun 2008 ake yi wa 'yan shekara 40 zuwa 74 wannan awo kowace shekara, a ba masu tumbi shawarar rage ci da motsa jiki.

Ga mutanen Afirka, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ce namiji 94, mace 80. Jama'a, awon tela ya isa. Rigakafi ya fi magani.